Gurmi a Hanyar Riruwai

Da asuba ya kira ni, ko lazimi ban idar ba. "Malam, kundin ya fito," in ji shi. "Jibi zan kai wa masu shi. Ko za ka raka ni?" Na ce su wane ne kuma masu shi, ba kai ka yi abinka ba? Ya ce waɗanda suka biya kuɗin yin sa yake nufi, kuma duk suna kudancin Kano, daga Tiga har Riruwai. Ban yi dogon tunani ba na amsa masa.

Ɗalibina ne a da, a sakandaren da na koyar da Hausa. Ɗan ƙasar Bebeji ne, yanzu yana ɗinki a birni. Gurmi kuwa a wajen kawunsa ya koya, wanda ya yi wa 'yan kokawa kiɗa shekara da shekaru kafin ƙarfi ya ƙare masa. Yaron nan shi ke tsara waƙarsa, shi ke kaɗawa, shi ke rerawa. Ba shi da ubangida, ba kamfanin fim ɗin da ya ɗauke shi, ba ɗan siyasar da ya tsaya masa. Jarinsa wani littafin rubutu ne mai shuɗin bango, irin na 'yan makaranta, da ya raba gari-gari: shafin Tiga, shafin Kiru, na Kwanar Ɗangora, na Tudun Wada, na Riruwai. Ƙarƙashin kowane gari sunaye ne, gaban kowane suna abin da mutum ya turo. Wani dubu ɗaya, wani ɗari biyar, wata katin waya, wani kuma alkawarin kwanon masara in an yi girbi. Da wannan da kuɗin ɗinkin salla biyu ya shiga wani situdiyo a Titin Gidan Zu ya ɗauki waƙa tara. Mai situdiyon ya so ya lulluɓe gurmin da fiyano kamar yadda ake yi wa kowa, shi kuwa ya kafe sai an bar tsirkiyar ta fito fili, da kalangu ɗaya a bayanta da 'yan amshi biyu.

Mun tashi a watan Nuwamba, hazo ya fara sauka, a motar wani dattijon direba da ya daɗe yana jigilar Kano zuwa Jos. Muna ƙetare gadar Tamburawa ya tura faifai, sai ga muryar Don Williams ta cika motar. Na tambaye shi ko yana jin abin da Baturen nan ke faɗa. Ya ce, "Ba sosai ba, Malam. Amma in mutum yana faɗar gaskiya ana ji a muryarsa."

Maganar nan ta zauna mini har muka wuce Kura. Don Williams, wanda ya rasu a 2017, ya yi farin jini a ƙasar nan ƙwarai. Shi da Kenny Rogers da Dolly Parton sun daɗe a motocin haya da shagunan teloli. A can ƙasarsu, waƙoƙin karkara irin waɗannan, da na baƙar fatan kudu, da na coci, an tattara zuriyarsu ƙarƙashin suna ɗaya, Amerikana, har aka kafa mata ƙungiya a birnin Nashbil a 1999, kuma tun 2010 ake ba da kyautar Grammy ga kundin da ya yi zarra a fannin. Da yawa daga masu yin ta ba su da kamfani. Mutum ne da jitarsa da tsohuwar mota, yana bin ƙananan garuruwa, in ya gama wasa ya tsaya a bakin ƙofa ya sayar da faifansa da hannunsa. Wasunsu kafin su shiga situdiyo sai sun nemi gudummawar masu saurarensu ta intanet. Na waiwaya na dubi gurmin da ke kwance a kujerar baya, naɗe cikin tsohon zane. Banjo, ɗaya daga ginshiƙan wancan kiɗa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan, da duma da fata da tsirkiya. Ɗan uwan wannan ne da ya yi nisan kiwo.

Muka bar titin Zariya muka kama hanyar Tiga, muka wuce Bagauda inda makarantar horar da lauyoyi take. Duk koren nan da muka baro a Kura da Kadawa, shinkafa da tumatir da albasa, daga madatsar Tiga ruwansa yake. Gwamna Audu Bako ne ya gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, kuma har yau babu kamarta a jihar Kano. Kogin Kano daga kudu yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a nan, sannan ya wuce ya haɗu da Challawa su zama Kogin Haɗeja, garin da Haruna Uji ya fito da gurminsa. Mu kuwa gaba da ruwan za mu yi, har kusa da inda ya taso.

A bakin ruwa mata na suyar karfasa da tarwaɗa, kwale-kwale na jere, yara na ta wasa a tsakaninsu. Mutum bakwai ne a shafin Tiga, biyar muka samu. Bayan gaishe-gaishe ya fito da 'yar lasifikarsa mai caji ya ɗora a kan kifaffen kwale-kwale, ya sa waƙa ta uku, wadda ya yi a kan ƙauyen kakarsa da ke kwance a ƙarƙashin wannan ruwa. Lokacin da aka tare kogin an tashi garuruwa da ƙauyuka an sake musu matsuguni, kuma yaran da suka ga tashin da idonsu yau su ne tsofaffi. Gurmin ya fara shi kaɗai, a hankali, kamar mai taka ƙasar da yake jin nauyinta. Masu suyar kifi suka rage hira.

Can gefe akwai wani tsoho yana gyaran koma, bai ɗago kai ba har waƙar ta ƙare. Sai ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya ajiye zaren ya ce, "Yaro, wa ya ba ka labarin nan?"

"Kakata ce, Baba, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Ita ta ba ka daidai, kai ne ka karkata. Ka ce masunta aka tasa. Wane masunci? Mu manoma ne. Ranar da aka kwashe mu, ubana bai taɓa riƙe filafili ba. Dawa muke nomawa da gyaɗa, ga rake a fadama. Ruwan nan shi ya zo ya same mu, ya cinye gonakin, sannan ya koya mana su."

Na dubi fuskar ɗalibina. Shekara biyu yana tara kuɗin wannan kundi, ga shi a zangon farko an nuna masa ɓaraka a waƙar da ya fi ji da ita, a gaban jama'a. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai ya cire takalmi ya durƙusa gefen tabarmar tsohon, ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa ya ce, "Baba, don Allah a faro mini daga farko." Kusan awa guda tsohon yana magana. Ya faɗi inda rijiyar garin take, da kukar da ake cin kasuwa a gindinta, da yadda aka ɗora jinkar ɗakuna a kai aka tafi da ita. Ya ce bayan sun koyi tuƙi, duk bazara in ruwa ya ja baya mahaifinsa kan tuƙa kwale-kwale zuwa daidai inda yake kyautata zaton maƙabarta take, ya tsaya a kan ruwa ya yi wa iyayensa addu'a ya juyo. A nan muryar tsohon ta ɗan sarƙe, ya ɗauki komarsa ya ci gaba da ɗinki.

Na shekara ashirin ina gaya wa ɗalibai cewa waƙar baka ta jama'a ce. A ranar na ga jama'ar sun zo karɓar kayansu, sun juya shi sun duba, sun nuna inda ɗinki ya kauce.

La'asar ta yi mana a Kwanar Ɗangora, a ƙasar Kiru, inda hanyar Jos ke rabuwa da ta Zariya. Wuri ne da ba ya barci: manyan motoci, masu tsire, masu shayi, damman rake a jingine, 'yan kamasho na ta kiran fasinja. A wata 'yar rumfar kwano muka tsaya, wajen mai tura waƙa. Saurayi ne da tsohuwar kwamfuta, da farantin sola a kan rufi, da wayoyi kamar talatin jere a katako suna shan caji, kowace da 'yar takarda mai lamba. Mutum ya zo ya miƙa memori ya ce a cika masa, ya ba da 'yan canji, ya tafi da waƙoƙi ɗaruruwa, da wa'azi, da fim.

Na san zamanin da ba haka ake yi ba. A da mawaƙi kan kai aikinsa wajen 'yan kasuwar kaset a Ƙofar Wambai, su saya su buga su rarraba. Ko an ƙware shi, ya dai riƙe wani abu a hannu. Kaset ya wuce, faifan sidi ya zo shi ma ya wuce, waya ta shigo ta kwashe kasuwar gaba ɗaya. Don haka da na ga ɗalibina ya miƙa wa saurayin nan waƙoƙinsa tara ba tare da ya karɓi ko sisi ba, ban iya yin shiru ba. Na ja shi gefe na ce wannan ai zubar da gumi ne a ƙasa.

Ya ce, "Malam, ko ban ba shi ba gobe zai samu, kuma wadda zai samu ta sha tura-tura har muryar ta dushe. Gara in ba shi mai kyau, da sunana da lambar wayata a jiki. Kuma shi ne gidan rediyon garin nan."

Da na zauna na saurari saurayin sai na ga inda maganar ta dosa. In aka ce masa a cika memori, shi ke zaɓar abin da zai shiga. Ya san abin da direbobi ke so, ya san na 'yan mata, ya san na tsofaffin da ba sa son komai sai Shata da Ɗanƙwairo. Ya gaya wa mawaƙin cewa waƙarsa ta bara, wadda ya yi wa masu faci, har daga Saminaka an zo nemanta, ɗaya kuwa da ya yi ta soyayya ba wanda ya sake tambayarta. A fuska ya faɗa masa, ba kara. Babu kamfanin da zai ba ka irin wannan rahoto da gaskiya haka.

Duk da haka raina bai kwanta ba, kuma har yanzu bai kwanta ba. Ana cewa a sa waƙa a YouTube da Audiomack kuɗi zai shigo. Zai shigo in masu saurarenka na da data, suna kunnawa ta intanet. Masu sauraren wannan yaro kuwa ta Xender suke tura wa juna a gindin bishiya, su kunna sau ɗari a gona, ba na'urar da ta ƙirga ko ɗaya. Gaskiya ne waya na iya ɗaga mutum dare ɗaya, mun ga yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta karaɗe ko'ina a 2020 lokacin kullen korona. Amma mutum nawa ne irin wannan ruwa ke yi wa gyara? Saurayin rumfar nan yana cin abinci da waƙar, mai cajin waya na ci, kamfanin layi na ci, wanda ya hana idonsa barci ya tsara ta shi ne na ƙarshe a layi. Wannan ba adalci ba ne, ko da shi ya yafe.

A garin Kiru muka kwana, gidan wani abokin karatunsa. Muna cin tuwo wayarsa ta yi ƙara, ya tashi ya fita, ya daɗe. Da ya dawo ya ce yaron wani ɗan siyasa ne, karo na uku ke nan. Waƙa ɗaya suke so, kuma abin da suka ambata ya fi duk abin da ke cikin shuɗin littafin nan in an haɗa.

Wannan tsohuwar mararraba ce a waƙar Hausa. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo a fada suka tashi. Makaɗin fada an san wanda ke ba shi doki da riga da hatsin shekara, shi kuma ya san wanda zai wasa. A ɗaya hannun ga mawaƙan jama'a. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarki ya yi wa direba ya yi wa manomi, bai zama na mutum ɗaya ba. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa na gwangwanin kifi mai tsirkiya ɗaya, ya ɗauki karen mota, wanda ba mai kallonsa, ya yi masa waƙar da har bayan rasuwarsa a 2015 ake ji. Yau fadar ta koma ofishin jam'iyya, doki ya koma mota. Ba na zargin wanda ya bi can. Mai iyali ya san abin da ke kansa, kuma cikin masu waƙar siyasa akwai gwanaye na gaske. Sai dai na so in ji abin da wannan zai ce.

Ya ɗauko littafin ya buɗe a gabana. "Malam, duba. Wannan ɗan wata jam'iyya ne, wannan na ƙasansa ɗan wata ne, ba sa ko gaisawa tun zaɓen da ya wuce. Amma ga su a shafi ɗaya. In na yi waƙar nan, rabin littafin nan na yage da hannuna." Wanda ya san yankin ya san ba ƙarin gishiri ya yi ba. Kiru da Bebeji kujera ɗaya suke da ita a majalisar wakilai, Tudun Wada da Doguwa ma haka, kuma siyasar wajen da zafinta. Ba a manta rayukan da aka rasa a Tudun Wada a zaɓen 2023 ba. Bai ce har abada ba zai yi ba. Ya ce dai bana ba zai yi ba, ya ja kwanon tuwonsa.

Tudun Wadar Ɗankadai ƙamshinta ke fara tarbar baƙo. Garin shinkafa ne. Ko'ina ka duba shanshera ce a shanye a kan tamfol, injinan casa na ta ruri, hayaƙi na tashi daga bayan katangu inda mata ke turara ta a manyan tukwane da rabin duro. Shafin Tudun Wada ya fi kowane shafi tsawo, kuma kusan duk mata ne. Wata Hajiya mai harkar turara ce ta fara jin waƙarsa a wayar ɗanta, ta sa aka nemo lambarsa, ta aika masa saƙon murya cewa ya yi wa masu faci, su masu kwana a bakin wuta fa? Daga nan ta shigar da shi zauren WhatsApp na 'yan adashinsu, kuma da zagaye ya zo suka cire masa wani abu. Waƙa ta shida tasu ce.

Mu maza a zaure aka shimfiɗa mana, aka shigar da lasifikar cikin gida. Muna jin waƙar ta ratso katanga, muna jin guɗa. Da ta ƙare sai shiru. Can sai ga Hajiyar ta fito bakin ƙofar zaure da mayafinta, hannunta duk baƙin tukunya, ta gaishe ni sannan ta juya wajensa.

"Ɗan nan, waƙa ta yi daɗi, Allah ya yi albarka. Amma na kasa kunne tun daga farko har ƙarshe, ban ji sunan kowa ba. Ko ni ban ji nawa ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ku talatin da wani abu ne. In na kira wasu na bar wasu na haɗa faɗa. In na kira duka, waƙar ta zama rajista. So nake mai turara a Kura ko a Haɗeja ta ji ta ce da ita ake."

"Barmani Coge da ta yi wa mata waƙa ai tana kiran suna," in ji ta. Kuma gaskiyarta. A wajenmu kiran suna shi ne rasiɗin alheri. Wanda ya yi maka, ka faɗe shi duniya ta ji. Na ga kowannensu na da hujja, na kuma ga irin nauyin da ke kan wanda ya mai da jama'a iyayen gidansa: mai ubangida ɗaya fuska ɗaya yake kallo, shi kuwa fuskoki ne ba iyaka, kowace da haƙƙinta.

Da dare aka warware. Akwai bikin 'yar ɗaya daga cikinsu, aka ce ya zo ya yi wasa. Ya zauna a kan turmi da gurminsa, littafin a buɗe a kan gwiwarsa, ya ja waƙa ta shida ta ninka tsawonta, yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowace da unguwarta da abin da aka san ta da shi. Duk wadda aka kira sai ta taso da rangaji ta yi liƙi, ƙawayenta na ɗauka a waya. Hajiyar ya bari sai ƙarshe, ya daɗe a kanta. Na ga ta sa bakin mayafi ta share ido. Ta cikin kundin ta tsaya yadda take ba suna, ta daren nan kuwa tana cikin wayoyinsu, kowace da daidai inda aka ambace ta.

Washegari da hantsi muka shiga dajin Falgore. Direbanmu ya kashe faifai ya yi addu'a, don ya san shekarun da ba a ratsa dajin nan sai an haɗa ayari saboda 'yan fashi. Muka wuce shingayen jami'an tsaro, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe, iska ta sauya. Wanda bai san Kano ba sai ta Dawanau da Ɗambatta, ba zai yarda cewa nan ma Kano ce ba. Bayan dajin ƙasar Doguwa ce, gonakin masara da rake, sannan duwatsu suka fara tasowa har muka hau Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar, wajen da ya fi ko'ina tudu a jihar. An daɗe ana haƙar kuza a nan, kuma har yau za ka ga samari da diga da shebur da kwanon wanki suna neman rabonsu a tsofaffin ramuka.

Mutum huɗu ne kacal a shafin Riruwai, kuma bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, murya kawai ya sani. Wanda ya tarbe mu wani mahaƙi ne, siriri, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Ya ce a unguwarsu sai an hau wani dutse ake samun sabis mai kyau, can yake hawa ya saurari saƙonnin mawaƙin ya mayar da amsa. Muka zauna shan shayi, sai na ji wani yaro da ke wanke kofuna yana rera wani abu a hankali. Na kasa kunne. Waƙa ta biyar ce ta sabon kundin. Kwana biyu ke nan da aka ba saurayin Kwanar Ɗangora, wani direba ya cika memori, ta riga mu hawa dutsen.

Sanyin Riruwai ba irin na birni ba ne, har ƙashi yake shiga. Bayan isha aka hura wuta a wani fili, aka jawo janareta da lasifika babba, mutane suka taru da barguna, ba su kai ɗari ba. Ya yi waƙa uku lafiya. Yana tsakiyar ta huɗu janaretan ya yi tari ya mutu, fitila ta ɗauke, ba abin da ya rage sai hasken wutar. Bai tsaya ba. Gurmi ba shi da ƙara, sai mutane suka matso, suka matso, har da'irar ta tsuke ana jin numfashin juna. 'Yan amshinsa suna Kano, bai iya ɗauko su ba. Da ya kai inda za a amsa sai ya ɗan saurara, kamar yadda ya saba, sai kuwa filin ya amsa masa. Ba duka suka iya ba, wasu na bin bakin wasu, amma a zagaye na uku kowa ya kama. Na ji tsigar jikina ta tashi. Masu gyaran janareta ma suka bari suka dawo cikin da'irar.

Da aka tashi, mahaƙin nan ya kawo rabin buhun masara da curin mazarƙwaila biyu ya ajiye a bayan motarmu. Ya ce shi ne mai alkawarin kwano ɗaya, amma damina ta yi kyau.

A hanyar dawowa na tambaye shi lissafi, ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye. In aka cire mai da abinci da abin da za a ba direba, liƙin Tudun Wada da na Riruwai ya biya bashin da ya rage na situdiyo, saura ɗan abin da bai kai kuɗin ɗinkin sati biyu ba. Sai masara, sai gayyatar biki uku a watan gobe. Ranar Litinin zai koma kan kekensa. Yana faɗa yana rubutu a bayan shuɗin littafin, abin saurare a kunnensa ɗaya, yana jin muryar tsohon Tiga, ya rubuta ya soke, ya ɗan kaɗa tsirkiya da babban yatsa ya sake rubutawa. Tun daga Falgore har Tudun Wada bai ɗago ba. Da muka kusa mararrabar hanyar Tiga sai ya ce wa direba, "Baba, don Allah mu sake bi ta Tiga."

Rana ta yi ja lokacin da muka isa. Tsohon na nan inda muka bar shi, komar ta kusa haɗuwa. Mawaƙin ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya warware zanen, ya ɗaure tsirkiya, ya rera masa sabon baitin da bakinsa: manoman dawa da ruwa ya zo ya samu, da mutumin da ke tsayar da kwale-kwale a kan kabarin iyayensa. Tsohon ya saurara idonsa a kan ruwa. Da aka gama ya ce kukar a gabas da rijiya take, ba yamma ba, amma sauran ya yi.

"To waccan ta farkon fa, Baba? Ta riga ta bazu, ba ni da yadda zan dawo da ita."

"Bar ta ta yi yawonta," in ji shi. Ya laluba aljihun 'yar shararsa ya fito da wata ƙaramar waya da aka ɗaure da kyauro, ya miƙa masa. "Wannan dai sa mini ita a nan. Akwai ƙanwata a sabon gari, ita ma a can aka haife ta."

Ba a ɗauke ta a situdiyo ba tukuna, don haka ya kunna ɗaukar murya a wayar tsohon, ya jingina ta da filafili, ya gyara zama ya faro daga farko. Masu suyar kifi suka sa yara su yi shiru.